Yaya zan koya wa ɗaliban sakandare gano iƙirarin marubuci a cikin rubutu?

Tambaya: Ina koyar da ɗaliban babbar sakandare. Idan na ba su rubutu na ce su fito da abin da marubucin yake iƙirari, yawancinsu sai su kwafo mini jimlar farko, wasu kuma su rubuta kan maganar kawai. Na yi musu bayanin bambancin gaskiya da ra'ayi ba sau ɗaya ba, sun ma haddace, amma bai canja komai ba. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Malama, ɗalibanki suna neman iƙirari ne ta kamanninsa, alhali ta aikinsa ake gane shi. Sun ɗauka yana da mazauni na dindindin, wato jimlar farko, ko kuma dole a gan shi tare da kalmomi irin su "a ganina". Iƙirari kuwa shi ne maganar da marubuci yake so mai karatu ya karɓa, wadda sauran jimlolin suke yi wa hidima. Jimla guda tana iya zama iƙirari a wannan rubutu, ta koma hujja a wancan. "Ƙarancin barci yana rage fahimtar ɗalibi" iƙirari ne a rubutun likitan da yake ƙoƙarin tabbatar da hakan. A rubutun wanda yake neman a jinkirta lokacin shiga aji kuwa, hujja ce da ya jingina da ita. Muddin yaro bai ga wannan ba, ko ma'ana goma ya haddace, in an ajiye masa rubutu lalube kawai zai yi.

Bari in fara da darasin gaskiya da ra'ayi, domin ina zargin yana cikin abin da ya ɗaure musu kai. Yana da amfaninsa, amma in aka tsaya a kansa sai yara su ɗauka magana kashi biyu ce kawai: gaskiya, wadda ba a taɓa ta, da ra'ayi, wanda kowa da nasa. To ina za su ajiye "Kogin Nilu a nahiyar Asiya yake"? Ba ra'ayi ba ne, tunda ana iya buɗe taswira a duba. Ba kuma gaskiya ba ce. Iƙirari ne a kan abin da ke akwai, kuma ƙarya ne. Ina za su ajiye "azabtar da ƙaramin yaro mugun aiki ne"? In suka ce ra'ayi ne kawai, sun daidaita shi da "na fi son shuɗi a kan kore", kuma kowa ya san ba ɗaya suke ba. Na farkon ana iya kawo masa dalilai a kare shi, na biyun ba a ma tambayar dalilinsa.

Manya ma suna tuntuɓe a nan. A 2018 cibiyar bincike ta Pew ta ba Amurkawa manya fiye da 5,000 jimloli goma, biyar irin waɗanda ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa da hujja, biyar na ra'ayi, ta ce su rarrabe. Kashi 26 cikin ɗari ne suka gane duka biyar na farko, kashi 35 suka gane duka biyar na ra'ayi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mutane suka fi saurin kiran magana tabbatacciya idan ta yi daidai da ɓangarensu na siyasa. Haka ɗalibanki suke yi ba tare da sun sani ba: abin da suka yarda da shi "gaskiya", abin da bai yi musu ba "ra'ayi". Shi ya sa nake so a raba tambayoyi biyu tun ranar farko. Me marubucin yake so in karɓa? Wannan ita ce ta yau. Na karɓa ko ban karɓa ba? Wannan sai an gama da ta farko.

Masu kawo miki kan magana maimakon iƙirari su ne masu sauƙin magani. Wanda ya yi karatun balagar Larabci ya san an raba magana gida biyu: habari, wanda za a iya ce wa mai shi ka yi gaskiya ko ka yi ƙarya, da insha'i, irin su tambaya da umarni da fata. Ki ari wannan ma'aunin. Ki rubuta a allo "wayar salula a makaranta", ki ce wani ya miƙe ya ce bai yarda ba. Za su yi dariya, domin babu abin ƙi a ciki, ba a ce komai ba tukuna. Ki ƙara "tana hana ɗalibai karatu", nan take rabin ajin za su ɗaga hannu su musa. Duk amsar da ba za a iya ce mata "ban yarda ba" ba, kan magana ce, a koma a sake. Minti goma ya isa wannan, kuma daga ranar su da kansu za su riƙa kama juna.

Masu kwafo jimlar farko su ne aikin. Ki rubuta musu gajeren sakin layi da kanki, ki sa wa jimlolin lamba, ki kuma ɓoye iƙirarin daga inda suka saba nemansa. Ga irin abin da nake nufi:

(1) A shekarar 2018 Faransa ta kafa dokar da ta hana ɗalibai amfani da wayar salula a makarantun firamare da ƙananan sakandare. (2) Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke hankalin yaro daga darasi. (3) Wasu iyaye suna cewa da wayar ce suke sanin halin da 'ya'yansu suke ciki. (4) Amma ai ofishin makaranta yana da waya. (5) Lokaci ya yi da kowace makaranta za ta riƙa karɓe wayoyi a bakin ƙofa.

Ki ce kowa ya zaɓi lamba ɗaya a takardarsa kafin a yi magana, don kada masu shiru su bi bakin masu surutu. Da yawa za su zaɓi ta 1, saboda ita ce a sama kuma tana da shekara da sunan ƙasa, ga ta da kwarjini. Wasu za su zaɓi ta 3. Kada ki faɗi amsar. Ki ba su wannan tsarin a allo: "Ka yarda cewa ..., domin ...", su ɗauki jimla biyu su saka, sannan su juya su. "Ka yarda cewa lokaci ya yi da za a karɓe wayoyi, domin Faransa ta kafa doka." Wannan ta zauna. "Ka yarda cewa Faransa ta kafa doka, domin lokaci ya yi da za a karɓe wayoyi." Wannan ko yaro ya ji ta a kunne ya san ta karkace. Su gwada ta 2 da ta 5, su gwada ta 4 da ta 5. Kowane lokaci ta 5 ce take komawa gaba, sauran suna bin bayan "domin". Jimlar da kowa yake tallafa wa, ita kuma ba ta tallafa wa kowa, ita ce babban iƙirari.

Na sa "ka yarda cewa" a farkon tsarin da gangan. In kika bar musu "saboda" tsirara, za su haɗa sanadin faruwar abu da dalilin gaskata shi. "Ya makara saboda motar ta lalace" bayanin sanadi ne, babu wanda ake ƙoƙarin shawo kansa. "Tabbas ya makara, domin kujerarsa babu kowa" shi ne kafa hujja. Ƙaramin abu ne, amma yana ɓata gwajin in ba a kula ba.

Kada ki tashi daga wannan sakin layin da wuri, domin akwai darasin mako guda a cikinsa. Ki dawo da su kan jimla ta 2. Tana tallafa wa ta 5, amma ita kanta za a iya ce mata "ban yarda ba"? Ƙwarai. Ashe ƙaramin iƙirari ne a ƙarƙashin babba. Me marubucin ya kawo don tabbatar da shi? Bai kawo komai ba. Ya ce ne "duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san", wato ya rufe ƙofar tambaya tun kafin a yi ta: in ka musa, kai ne ba ka taɓa koyarwa ba. Maganar tana iya zama gaskiya, ni ma ina ganin gaskiya ce, amma a cikin wannan rubutu ba a kafa ta ba. Ranar da ɗalibi ya iya cewa "na yarda da shi amma bai kawo hujja ba", ki san darasin ya fara kama shi.

Waɗanda suka zaɓi ta 3 kuma kada a yi musu dariya, domin sun gano iƙirari na gaske, sai dai ba na marubucin ba ne. Na iyayen ne, ya kawo shi don ya rushe shi. Wannan kuskure ya fi yawa a dogon rubutu, inda marubuci zai iya shafe sakin layi biyu yana shimfiɗa maganar abokan hamayyarsa kafin ya ce "amma". Yaron da ya gaji kafin ya kai ga "amma" sai ya jingina wa marubuci kishiyar abin da yake nufi. Maganinsa a tambayi kowace jimla: muryar wa ce wannan? Su rubuta a gefen takarda, "marubuci", "iyaye", "gwamnati". Ki nuna musu kalmomin da marubuci yake zame jikinsa da su daga magana: "wai", "an ce", "a cewarsu", "ana raɗe-raɗin". Wanda ya rubuta "wai dokar za ta rage haɗurra" bai ce za ta rage ba, kusan ma cewa yake yi ba za ta rage ba. Su kuma lura da inda ake juyawa: "amma", "sai dai", "duk da haka". Galibi abin da ya biyo bayan waɗannan shi ne inda marubuci ya tsaya.

Sai kuma abin da ba a rubuta ba sam. Masanin falsafar nan ɗan Birtaniya, Stephen Toulmin, a littafinsa na 1958, ya kwatanta kafa hujja da yadda ake shari'a a kotu, ya kuma rarraba ta kashi shida: iƙirari, da bayanan da aka dogara da su, da mahaɗin da ya ƙulla su, da abin da ke ƙarfafa mahaɗin, da kalmar da ke auna ƙarfin iƙirarin, da yanayin da zai iya warware shi. Ba na ba da shawarar a zuba wa 'yan sakandare duka shidan a tashi ɗaya, sai su shagala da cike gurabe su manta da karatu. Uku na farko sun isa zango guda. Mahaɗin nan shi ne mai daɗin koyarwa, domin yawanci marubuci ba ya faɗinsa. Me za ka riga ka yarda da shi kafin jimla ta 1 ta kai ka ga ta 5? Cewa abin da ya dace da Faransa ya dace da ko'ina. Kafin ta 4 ta rushe ta 3 fa? Cewa wayar ofis tana yin duk aikin da wayar aljihun yaro take yi, har da lokacin da yake kan hanyar komawa gida. Da zarar an fito da su fili, sai a ga su ma iƙirari ne, kuma sun fi waɗanda aka rubuta rauni. Ɗalibi mai kaifin ido zai ƙara gano cewa jimla ta 1 ta tsaya a firamare da ƙananan sakandare, ta 5 kuwa ta ce kowace makaranta. Iƙirarin ya fi hujjarsa faɗi.

Wannan ya kawo mu ga kalmomin awo. "Duk", "kullum", "babu wanda", "tabbas" a gefe guda. "Galibi", "wasu", "wataƙila", "yana iya" a ɗaya gefen. Ɗalibai suna da al'adar yar da su in suna maimaita maganar marubuci. Ya rubuta "yawan kallon waya da dare yana iya rage barci", su kawo miki "waya tana hana barci". Wannan wani iƙirarin ne daban, kuma ba adalci ba ne a kama marubuci da abin da bai faɗa ba. Ki riƙa rage maki a kan wannan har su saba. Haka nan in ya ce abu biyu suna tafiya tare, kada su rubuta cewa ɗaya ne ya haddasa ɗaya.

Rarraba iƙirari zuwa nau'o'i ba ya buƙatar dogon lokaci. Akwai mai cewa abu kaza haka yake ko shi ya jawo kaza, akwai mai cewa abu kaza yana da kyau ko muni, akwai mai cewa a yi kaza. Amfaninsa kawai su san irin hujjar da za su nema: na farko yana son alƙaluma ko shaida, na biyu yana son a faɗi ma'aunin da aka auna da shi, na uku yana son duka biyun.

Bayan sun ƙware a rubutun da ke fito da manufarsa fili, ki kai su inda iƙirari yake shigowa ta bayan gida. Ki rubuta kanun labari guda ta hanya uku: "Kamfanin ya ce ruwan yana da tsafta", "Kamfanin ya dage cewa ruwan yana da tsafta", "Kamfanin ya amsa cewa ruwan ba shi da tsafta". "Ya ce" ba ta ɗauki ɓangare ba. "Ya dage" tana raɗa maka cewa akwai masu musu, wataƙila ma da gaskiyarsu. "Ya amsa" ta riga ta yanke hukunci cewa abin gaskiya ne, dā ɓoyewa ake yi. Haka "har yanzu" da "ya sake": wanda ya rubuta "hukumar ta sake gazawa" ya ce ta taɓa gazawa, kuma bai tsaya tabbatar da hakan ba. Tambaya ma tana ɗauke da irin wannan kaya. "Yaushe za a daina ɓarnatar da kuɗin jama'a a kan wannan aiki?" a fuska tambaya ce, a ciki kuwa an ce ana ɓarna. Talla ita ce gwanar wannan fage, domin sau da yawa babu jimla ko ɗaya da za ka nuna, hoto ne na mutane suna murmushi da sunan kaya a ƙasa. Ki ba su talla su rubuta iƙirarinta da kalmomi. In suka rubuta "in ka sayi wannan za ka yi farin ciki kamar waɗannan", su da kansu za su ji yadda maganar take da rauni, su kuma gane dalilin da ya sa mai tallar bai rubuta ta ba.

Kada ki raina wannan sashen. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai fiye da 7,800 a Amurka. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla da aka tsara kamar labari a matsayin labari na gaske, alhali an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka sa ta. Yaran da suka tashi da waya a hannu ke nan. Iya sarrafa na'ura daban, iya karanta abin da ke cikinta daban.

Game da yadda za ki tafiyar da ajin, ki fara yi a gabansu kina tunani da ƙarfi. Ki ɗauki rubutun da ba su taɓa gani ba, ki karanta, ki tsaya ki ce "wannan kamar ita ce, bari in gwada ta da 'domin'... a'a, tana tallafa wa wata ce, in ci gaba". Suna buƙatar su ga cewa mai karatu na ƙwarai ma yana zato ya janye. Daga nan ku yi tare, sannan su yi bibbiyu, sannan kowa shi kaɗai. Ki fara da gajerun rubuce-rubuce, sakin layi ɗaya ko biyu, a kan abin da suka sani: aikin gida, jarrabawa, wasanni, lokacin tashi daga makaranta. Batutuwan da ke tayar da jijiyar wuya ki ajiye su sai gaba, domin yaron da ransa ya ɓaci ba ya karatu, martani yake shiryawa. In kuma yaren rubutun ba shi ne wanda suke tunani da shi ba, ki bar su su fara faɗin iƙirarin da harshen da ya fi musu sauƙi. Da yawa sun gane, kalmomin ne suka ƙi zuwa, shi ya sa suke fakewa da kwafe.

Akwai haɗari guda da nake so ki sa wa ido. Bayan 'yan makonni wasu za su fara cewa "ai komai iƙirari ne, kowa ƙarya yake yi". An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda ba ya yarda da komai bai fi wanda yake yarda da komai iya karatu ba, dukansu sun huta da dubawa. Don haka ki riƙa cakuɗa musu da rubutun da ya kafa hujjarsa da kyau, ki sa su nuna abin da ya sa ya tsaya da ƙafarsa. Kiran magana iƙirari ba zarginta ba ne. Cewa ne kawai hujja tana kan wanda ya faɗe ta, sai a duba ko ya kawo.

Wajen gwaji, ki rage dogaro da tambayar "zaɓi ɗaya daga cikin huɗu", domin ana iya cin ta da sa'a ko da ƙwarewa a jarrabawa. Ki ba su rubutu sabo, ki nemi jimla ɗaya da kalmominsu wadda ta fara da "Marubucin yana so mu yarda cewa", sannan su nuna jimloli biyu da ya jingina da su, su kuma rubuta abu ɗaya da ya ɗauka an yarda da shi bai faɗa ba. In kin zo dubawa, ki tambayi amsar kowane yaro abu uku: za a iya musa ta, ta rufe rubutun duka ko wani yanki kawai ta kama, kuma da marubucin zai gan ta, zai ce "haka nake nufi"? Wadda ta faɗi a na farko kan magana ce. Wadda ta faɗi a na biyu ƙaramin iƙirari aka kamo aka bar babban, ki ba da rabin maki ki mayar da yaron ga gwajin "domin". Wadda ta faɗi a na uku ki duba ko muryar wani ya ɗauko ko kalmar awo ya yar, ki rubuta masa wanne ne a gefen takardar, domin gyaransu ba iri ɗaya ba ne.